Darasi na 9: Ninki a Turanci, Ɗafin *-fold* da Danginsa

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin ma'anar kalmomi irin su *twofold*, *tenfold* da *hundredfold* da Hausa;
2. bayyana inda waɗannan kalmomi suka samo asali, da abin da ya sa Turanci yake da *twofold* kuma yake da *double*;
3. lissafa ainihin adadin da ake nufi idan ya gamu da su a jarida, a rediyo, ko a takardar ofis;
4. gane kalmomin da suka ƙare da *fold* amma babu ruwansu da ninki.

Mu fara daga shagon mai atamfa

Ku je Kantin Kwari a Kano, ko kowace kasuwa da ake sayar da yadi, ku tsaya ku kalli hannun mai shago sa'ad da yake mayar da turmin atamfar da aka sa ya warware, aka taya, aka tafi ba a saya ba. Gefe yake kamawa ya haɗa da gefe. Ƙyallen da yake falle ɗaya sai ya koma biyu, ɗaya bisa ɗaya. Wannan aiki shi ne ninkewa, abin da ya fito kuma ninki. Kalmar ba ta tsaya a shagon yadi ba, ta shiga lissafi. Mukan ce kuɗin mota ya ninka, ko ribar bana ninki uku ce ta bara, ko mu yi wa mutum addu'a Allah ya saka masa ninkin-ba-ninkin. Ba mai tuna ƙyalle yayin da yake faɗin haka, amma kalmar ɗaya ce.

Bature ma haka ya yi, ba tare da ya taɓa jin Hausa ba. A Turanci, *fold* shi ne ninkewa: ninke riga, ninke takarda, ninke tabarma. Idan aka ɗauki wannan *fold* aka liƙa shi a bayan lamba, sai a sami kalmar da ke nuna yawan ninki. *Two* biyu ne, *twofold* ninki biyu. *Ten* goma ne, *tenfold* ninki goma. *Hundred* ɗari ne, *hundredfold* ninki ɗari. Wanda ya riƙe hoton mai atamfa a ransa ya gama rabin darasin nan.

> Ma'ana: *-fold*
> Ɗafi ne da ake liƙawa a ƙarshen lamba a Turanci. Yana nuna cewa abu ya kai adadinsa na farko sau kaza. *Fivefold* na nufin adadin farko sau biyar.

Mene ne ɗafa-ƙeya?

Kun lura mun rubuta ɗan gajeren layi kafin *fold*. Alama ce ta cewa a nan ba kalma ce mai zaman kanta ba, jingina take yi da wata. Masu nahawun Hausa suna kiran irin wannan ɗafa-ƙeya, domin a ƙeyar kalma yake ɗafewa. Muna da su da yawa. Daga Balarabe mun sami Larabci, daga Bature mun sami Turanci, daga Katsina mun sami Katsinanci. Wannan *-ci* ko *-anci* ba ya tsayuwa shi kaɗai, amma duk inda ya ɗafe sai ya ba da ma'anar harshe ko salon magana. Haka *-fold* yake, sai dai shi lamba yake nema ya ɗafe mata.

> Ma'ana: ɗafa-ƙeya
> Guntun kalma da ake ƙarawa a ƙarshen wata kalma domin a sami sabuwar ma'ana.

Wajen furtawa, a ɗora nauyin murya a kan lambar, wato a gaɓar farko. A ja wasalin *o* na *fold* kaɗan, kuma kada a ƙara wasali a ƙarshe. Bakinmu ya saba rufe kalma da wasali, shi ya sa mukan ji ana cewa "foldi". Sai an ɗan yi ta maimaitawa kafin harshe ya saba.

Daga ina ya fito?

A ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa, wasu ƙabilu daga arewacin ƙasar da ake kira Jamus a yau da yankin Denmak suka ƙetare teku suka zauna a tsibirin Birtaniya. Manyansu su ne Angil da Sakson, kuma daga sunan Angil aka sami sunan Ingila. Harshen da suka zo da shi ne masana suke kira Tsohon Turanci, wanda Baturen yau ba zai iya karanta shi ba sai ya koya, kamar baƙon harshe. A cikinsa ana rubuta ɗafin namu *-feald*. Suna da *manigfeald*, wato mai ninki da yawa, wanda ya zama *manifold* na yau. Suna kuma da *anfeald*, mai ninki ɗaya, suna nufin abu mai sauƙi wanda ba shi da lauje cikin naɗi. Wannan ta biyun ta mutu, kuma za mu ga abin da ya kashe ta.

'Yan'uwan Turanci da suka rage a can gida har yau suna riƙe da nasu. A Jamusanci *vielfältig* na nufin abu iri-iri. A harshen mutanen Holan, ɗan makaranta yana koyon *enkelvoud* da *meervoud*, wato tilo da jam'i, kuma *-voud* ɗin nan ɗan'uwan *-fold* ne na jini.

Sai shekarar 1066. A watan Oktoba na wannan shekara Wiliyam, sarkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Sarki Harold da yaƙi a kusa da garin Hastings, daga baya ya hau gadon sarautar Ingila. Shi da mutanensa Faransanci suke yi. Daga nan har tsawon wajen shekara ɗari uku, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da masu hannu da shuni, Latin na coci da malamai, Turanci kuwa aka bar wa talaka a gona da kasuwa. Harshen da ke zaune ƙarƙashin wani ba ya rasa aro. Dubban kalmomin Faransanci suka kwararo cikin Turanci, cikinsu har da *double*, wadda ta bayyana a rubuce wajen ƙarni na 13, sannan *treble* da *triple* suka biyo baya. *Simple* ma ta wannan hanya ta shigo, ita ce ta ture *anfeald* daga kujerarta.

Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Kakanninmu suna da gomiya biyu da gomiya uku, sai hulɗa da Larabci ta kawo ashirin da talatin da arba'in, har suka zama su ne na yau da kullum. Yaron yau ba ya jin ashirin a matsayin baƙuwa. Haka Bature ba ya jin *double* a matsayin baƙuwa.

Ga abin da ya fi ban sha'awa. Faransanci ya gaji *double* ne daga kalmar Latin *duplus*, wadda ta haɗa *duo*, biyu, da ɗafin *-plus*. Masana tarihin harsuna, bayan sun kwatanta Latin da Girkanci da harsunan dangin Jamusanci, sun ce wannan *-plus* da *-fold* saiwarsu ɗaya, kuma ma'anar saiwar ninkewa ce. Ke nan baƙuwar da ta zo daga Faransa ta tarar da 'yar'uwarta ce a gidan, sun daɗe da rabuwa har ba su gane juna ba. *Double* da *twofold* gininsu ɗaya: biyu da ninki. *Multiply*, kalmar da malamin lissafi yake faɗa idan zai ce a yi "sau", daga Latin *multus*, mai yawa, da *plicare*, ninkewa, ta fito, wato gininta irin na *manifold* ne sak. Gidan da dillalai suke kira *duplex* sunansa na nufin mai ninki biyu. Har difloma da ɗanku ko ƙanwarku ta karɓo daga kwaleji, asalin sunanta a Girkanci takarda ce da aka ninke biyu.

> Ma'ana: kalmar aro
> Kalmar da wani harshe ya ɗauko daga wani har ta zauna a cikinsa. *Double* aro ce daga Faransanci. *Twofold* 'yar gida ce a Turanci.

Me ya hana *-fold* mutuwa kamar *anfeald*? Abu ɗaya shi ne sauƙinsa: kowace lamba yana iya ɗafe mata. Kalmomin aro kuwa suna tafiya lafiya har zuwa huɗu, *double*, *triple*, *quadruple*, daga nan sai su fara nauyi a baki. Akwai *quintuple* na biyar, amma ba kasafai ake jin ta ba, kuma babu mai tsayawa neman ta arba'in da bakwai. Wani abin kuma shi ne littattafan addini. Fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1611, zamanin Sarki Jems na Ingila, ta yi amfani da *fourfold* da *sevenfold* da *hundredfold* a wurare da dama, kuma ƙarni bayan ƙarni ana karanta ta a bainar jama'a. Marmaduke Pickthall, Baturen da ya musulunta ya fitar da fassarar Alƙur'ani ta Turanci a 1930, shi ma *tenfold* da *manifold* ya ɗauko inda ake maganar ninkin lada. Shi ya sa har yau waɗannan kalmomi suke da ɗan nauyi da kwarjini a kunnen Bature, irin wanda *double* ba ta da shi.

Lissafin: nawa ake nufi?

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe.

Ƙa'idar ɗaya ce. Lambar da ke gaban *-fold* tana faɗa mana jimillar abin da aka samu a ƙarshe, idan an gwada shi da na farko. Ba ƙarin da aka samu take faɗa ba. Domin gano ta, a raba sabon adadi da tsohon adadi.

> Ƙa'ida
> Sabon adadi ÷ tsohon adadi = yawan ninki.
> Tsohon adadi × yawan ninki = sabon adadi.

*Misali na 1.* Wata mai ƙosai ta fara sana'a da mudu 2 na wake a rana. Da aka buɗe tashar mota kusa da ita, sai ta koma jiƙa mudu 8. Mu raba 8 da 2, mun sami 4. Da Turanci sai a ce: *Her sales increased fourfold.* Cinikinta ya kai ninki huɗu. Ku lura, ƙarin da ta yi mudu 6 ne, amma ba 6 muka sa ba, ba kuma 3 ba. Mudu 8 ɗin gaba ɗaya muka gwada da mudu 2 na farko.

*Misali na 2.* A 1967 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta raba Nijeriya jihohi 12. Aka yi ta ƙari, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, har suka kai 36 a 1996. Mu raba 36 da 12, mun sami 3 cif. *The number of states rose threefold.* Sababbin jihohin da aka ƙara 24 ne, wato ninki biyu na 12, amma jimillar ninki uku ce.

Wannan misali ya kawo mu ga kashi cikin ɗari, inda har 'yan jarida sukan yi kuskure. Mutum ya ga *threefold* sai ya ce an sami ƙarin kashi 300 cikin ɗari. Ba haka ba ne. Jihohi 12 na farko su ne kashi 100, kuma suna nan, ba ƙari ba ne. Abin da aka ɗora a kansu, 24, shi ne kashi 200. Saboda haka a cire ɗaya daga yawan ninkin, sannan a yi sau ɗari. *Twofold* ƙarin kashi 100 ne. *Threefold* ƙarin kashi 200. *Tenfold* ƙarin kashi 900, ba 1,000 ba.

*Misali na 3.* Ba kullum lissafi yake fita cif ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 18,000 ne a dokar 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Daga 2011 zuwa 2024, idan muka raba 70,000 da 18,000 za mu sami 3 da ɗoriya mai yawa, saura ƙiris ya cika 4. A irin wannan sai a sa *nearly* ko *almost* a gaba, wato "kusan": *nearly fourfold*. Ko buhun shinkafa ya tsaya ya jira albashin, wannan kam, ma'aikacin da ke cikinku ya fi littafi sani.

Idan kuwa an haura lambar da kaɗan, sai a ce *more than*. Mutanen duniya wajen biliyan biyu da rabi ne a 1950. A ranar 15 ga Nuwamba 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun kai biliyan 8. Takwas a raba da biyu da rabi ya ba da 3.2, ke nan *more than threefold*, fiye da ninki uku.

*Misali na 4.* Wannan daga baya zuwa gaba ne. Wani dattijo manomi ya kawo wa malamin gona takardar talla da aka ba shi a kasuwa, wadda ta ce sabon irin masara zai ƙara amfani *threefold*.

"Malam, ni buhu biyar nake samu a gonar nan. In maganarsu gaskiya ce, nawa ke nan?"

"Buhu goma sha biyar, Baba."

"A'a, ai ca nake goma sha biyar ɗin ƙari ne, a haɗa da biyar ɗina su zama ashirin."

"Biyar ɗinka suna cikin goma sha biyar ɗin, Baba. Ƙarin buhu goma ne. Shi ma sai in ruwa ya yi, an sa taki, kuma masu tallan ba su yi ƙarin gishiri ba."

Kuskuren dattijon ba na rashin wayo ba ne. Ko da Hausa mukan yi gardama a kan "ya ninka sau biyu", tunda "ya ninka" kaɗai ma yana nufin ya zama biyunsa. A kan kuɗi, ko bashi, ko yarjejeniya, kada ku yarda da kalmar ninki ita kaɗai, ko da wane harshe aka faɗe ta. Ku ce a rubuta lambar farko da ta ƙarshe.

Sai wani tarko da hoton mai atamfa zai iya jefa mu ciki in ba mu kula ba. Ku ɗauki takarda ɗaya ku ninke ta: falle 2. Ku sake ninkewa: 4. Ku sake: 8. Ninkewa uku ta ba da falle takwas, ba uku ba, kuma da hannu zai iya kaiwa ninkewa goma, da an sami 1,024. To, *threefold* ba ya ƙirga sau nawa hannu ya ninke. Fallayen yake ƙirgawa. Takardar da kuka ninke sau uku kaurinta *eightfold* ne.

Raguwa fa? Za ku ga wasu sun rubuta cewa abu ya faɗi *threefold*, suna nufin ya koma sulusin yadda yake. Ana fahimta, amma magana ce mai ruɗarwa, don ninki ƙaruwa yake nunawa, kuma ba wanda ya taɓa ninke zane ya ga ya rage kauri. In ku ne masu rubutun, ku ce *fell to a third*, ya koma sulusi, ko *fell by half*, ya ragu da rabi.

Ma'ana ta biyu: ɓangarori

Wani lokaci babu lissafi ko kaɗan. Shugaban taro zai miƙe ya ce: *Our problem is twofold.* Ba yana nufin matsalar ta ninka ba ne. Cewa yake yi matsalar fuska biyu gare ta, kuma yanzu zai faɗe su, ta ɗaya da ta biyu. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. In akwai maganar ƙaruwa, irin *increase*, *rise* ko *grow*, to ninki ne. In kuwa kalmar na tare da dalili, ko manufa, ko matsala, to ɓangarori ake nufi. A wannan ma'ana da wuya a wuce *twofold* da *threefold*, don ba mai sauraron da zai jure dalili goma.

*Manifold* kuma ba ta da lamba. Tana nufin mai yawa kuma iri-iri, ita ce mafi kusa da ninkin-ba-ninkin ɗinmu. A magana ta tsufa, sai a wa'azi da rubutun manya. Amma tana raye a garejin bakanike: ƙarfen nan mai baki da yawa da ke tattara hayaƙi daga injin mota ya miƙa shi ga bututun salansa, sunansa ke nan da Turanci, saboda rassansa da yawa.

Yadda ake sa shi a jimla

Wuri biyu yake zama. Yana zuwa gaban suna a matsayin sifa: *a tenfold increase in sales*, ƙaruwar ciniki ninki goma. Yana kuma zuwa bayan aikatau a matsayin bayanau: *Sales increased tenfold*, ciniki ya ƙaru ninki goma. Maganar ɗaya ce, siffar kalmar kuma ba ta sauya ba.

> Ma'ana: sifa da bayanau
> Sifa tana bayyana suna, kamar "babban" a cikin "babban gida". Bayanau yana bayyana yadda aiki ya auku, kamar "sosai" a cikin "ya gaji sosai".

In an rubuta lambar da haruffa, a haɗe ake rubutawa: *sixfold*. In da alƙaluma ne, sai a sa karan ɗori: *25-fold*. Ba a ƙara masa *s* na jam'i, don haka *threefolds* kuskure ne. Ba a kuma haɗa shi da *times*, domin *-fold* ya riga ya ɗauke ma'anar "sau". Wanda ya ce *threefold times* kamar ya ce "sau ninki uku sau" ne.

Abin da *-fold* ba ya iyawa shi ne zama aikatau, kuma a nan ne *double* da *triple* suka fi shi. Ana cewa *The price doubled*, farashi ya ninka, ko *The rent tripled*, kuɗin haya ya ninka uku. Ba a cewa *twofolded*. Su ne kuma na maganar yau da kullum. Mai karanto muku lambar waya zai ce *double eight* in takwas biyu sun jeru, ba zai taɓa cewa *twofold eight* ba. Masu kallon ƙwallo sun san *treble*, wato cin manyan kofuna uku a kaka ɗaya, kamar yadda Manchester United ta yi a 1999, Manchester City kuma a 2023. *Treble* da *triple* duk daga Latin *triplus* suke, hanya ce kawai ta raba su.

Shawarata ga mai koyo ita ce, a baki ya riƙe *double*, *triple* da *ten times*, sun ishe shi kasuwa da asibiti da tasha. Shi *-fold* na karatu ne: rahoton gwamnati, labarin tattalin arziki, takardar ƙungiya. Ko ba ku taɓa furta shi ba, za ku yi ta cin karo da shi a rubuce.

Masu kama da shi

Kama da wane ba ta wane. *Scaffold*, katakai ko ƙarafan da magina suke hawa, daga Faransanci ta zo, ƙarshenta ne kawai ya yi kama. *Sheepfold* garken tumaki ne, kuma *fold* ɗin cikinta wata tsohuwar kalma ce daban mai nufin shingen dabbobi. *Blindfold*, ƙyallen rufe ido, da farko ba *fold* ne a ƙarshenta ba, wata kalma ce mai nufin bugewa, sai mutane suka karkatar da ita saboda sun ga ƙyallen ninke shi ake yi. Gwajin bai da wuya: ku dubi abin da ke gaban *fold*. In lamba ce, ko *many* da *mani-*, ninki ne. In ba haka ba, ku buɗe ƙamus.

Tambayoyin bita

1. Faɗi ma'anar waɗannan da Hausa: *fourfold*, *sevenfold*, *thousandfold*.
2. Mene ne ɗafa-ƙeya? Kawo misali biyu daga Hausa waɗanda ba a ambata a darasin nan ba.
3. Me ya faru a Ingila a 1066, kuma yaya ya shafi kalmomin ninki na Turanci?
4. Wani tela yana ɗinka riga 6 a mako. Ana gab da sallah ya ɗauki yara, suka koma ɗinka 30. Wace kalma mai *-fold* ta dace? Ƙarin kashi nawa ne cikin ɗari?
5. Ajin yaƙi da jahilci ya fara da ɗalibai 15. Rahoto ya ce: *Enrolment grew sixfold.* Ɗalibai nawa ne yanzu, kuma nawa aka ƙara?
6. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 2006 kuma miliyan 140. Wanne ya dace, *more than twofold* ko *more than threefold*? Nuna lissafinka.
7. Gyara waɗannan: *The fare rose threefolds.* *Our members increased fivefold times.* *The price twofolded.*
8. A cikin *The aim of this meeting is twofold*, ninki ake nufi ko ɓangarori? Ta yaya ka gane?
9. An ninke tabarma sau huɗu, kowane karo gefe da gefe. Falle nawa aka samu, kuma wace kalmar Turanci ce za ta bayyana kaurinta?
10. Ware masu nuna ninki daga cikin waɗannan: *ninefold*, *scaffold*, *manifold*, *blindfold*, *40-fold*, *sheepfold*.
11. Aikin gida: tambayi wani babba a gidanku farashin mudun gero a shekarar da ya yi aure, ka gwada da na kasuwarku a wannan mako. Lissafa ninkin, ka rubuta jimla ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci, ka kawo aji mako mai zuwa.